Yadda Ake Kama Hannun Sabon Edita Mai Rubutu Kan Sauyin Yanayi a Wikipedia

Mutumin da ya shigo Wikipedia don ya rubuta tarihin wani sarki ko na wata ƙungiyar ƙwallo, yawanci da sanyin rai yake zuwa. Wanda ya shigo saboda sauyin yanayi kuwa, da wuta a ƙirji yake zuwa. Ya ga ambaliya, ya ga fari, ya saurari rahotanni, yana so mutane su farka. Wannan zafin shi ne jarinsa, shi ne kuma zai fara kai shi ƙasa idan ba a kama hannunsa ba, domin insakulofidiya ba dandalin wa'azi ba ne. Wuri ne da ake tattara abin da masana suka riga suka tabbatar, a faɗe shi daidai gwargwadonsa, a nuna inda aka samo shi. Aikinka, kai da ka riga shi shiga, shi ne ka mayar da zafin nan tsantseni ba tare da ka kashe masa gwiwa ba. Ga yadda nake bi da sababbi, maza da mata, ko da yake zan yi ta cewa "shi" don sauƙin magana.

Zaman farko, kafin a gyara ko harafi ɗaya

Ka fara da tambaya. Me ya karanta, me yake yi, da waya zai yi aiki ko da kwamfuta, kuma wane ɓangare na batun ne ya fi damunsa? Ɗalibin labarin ƙasa, da malamin gona, da ɗan jarida, kowa da ƙofar da za ka shigar da shi ta cikinta. Akwai kuma tambayar da mutane ke jin nauyin yi, amma dole ce: shin yana aiki da wata ƙungiyar kare muhalli ko wani kamfani, kuma ana biyansa don wannan rubutun? Tun shekarar 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, wadda ke ɗaukar nauyin Wikipedia, suka wajabta wa duk wanda ake biya don gyara ya bayyana wanda ke biyansa. Ko ba a biyansa, ka gaya masa ya bar muƙalar ƙungiyarsu da ta shugabansu, wasu su rubuta.

Daga nan ku buɗe wata muƙala mai kyau ku karanta tare. Nuna masa sakin layin farko da ke taƙaita batun gaba ɗaya. Nuna masa ƙananan lambobin nan da ke ƙarshen jimloli, ya danna ɗaya ya ga ta kai shi ga manazarta. Sai ka buɗe masa tarihin shafin, ya ga kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da ranar da aka yi, tun daga farko. Wannan shafin tarihi yana yin aiki biyu a zuciyar sabon mutum: yana cire masa tsoron cewa zai ɓata wani abu, tunda komai ana iya mayar da shi yadda yake, yana kuma sanar da shi cewa duk abin da ya rubuta akwai masu gani.

Dokoki kuwa, kada ka zuba masa su gaba ɗaya. Uku sun ishe shi a ranar farko: ba a ɗaukar ɓangare, duk abin da aka rubuta sai da madogarar da wani zai iya dubawa, kuma ba a saka binciken kai ko ra'ayin kai. Ta ukun ce ta fi yi wa masu zafin yanayi ciwo. Zai ce maka, "Ai da idona na ga rafin nan ya ƙafe." Ka yarda da shi, gaskiya ya faɗa. Amma a nan, gani ba ya korar ji sai wani amintaccen mawallafi ya buga shi.

Asusu

Ya buɗe asusu da kansa, da imel ɗinsa, da kalmar sirrin da kai ma ba ka sani ba. Asusu na mutum ɗaya ne, ba a tarayya a kansa, ba a kuma sa masa sunan ƙungiya ko kamfani. Ka ja hankalinsa cewa ba dole ne ya yi amfani da sunansa na gaskiya ba, kuma ya yi tunani kafin ya yi hakan, tunda tarihin gyare-gyarensa a buɗe yake ga kowa.

Idan mutane da yawa za ka horar a zaure ɗaya, ka sa su buɗe asusu tun a gida. Wikipedia ba ta barin a buɗe fiye da asusu 6 a rana daga layin intanet ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Na taɓa ɓata rabin yini a kan wannan.

Gyaran farko ya zama ƙarami

Kusan kowane sabon edita yana so ya fara da babbar muƙalar sauyin yanayi kanta, ko ya ƙirƙiri sabuwa a ranar da ya shigo. Ka lallashe shi ya bari. Nemo masa ƙaramar muƙala mai ƙura: kuskuren rubutu, jimlar da ta karye, ko adadin da aka bari ba madogara. Ya danna maɓallin gyara, ya gyara abu ɗaya, ya rubuta taƙaitaccen bayanin abin da ya yi a akwatin da aka tanada, ya wallafa. Sai ku koma tarihin shafin ya ga sunansa a sama. Farin cikin wannan lokacin ya fi duk jawabin da za ka yi masa.

Ka kiyaye abu ɗaya a nan, domin shi ne kuskuren da mu masu koyarwa muka fi yi: kada ka karɓe masa waya ko kwamfuta ka ce "kawo in nuna maka". Ka nuna da baki da yatsa, shi ya danna, ko da zai ɗauki minti goma a kan abin da za ka gama cikin daƙiƙa biyar. Wanda aka danna wa ba ya tuna inda aka danna.

Bayan gyara uku ko huɗu irin wannan, ka koya masa saka madogara. Idan ya kama wannan, sauran duk masu sauƙi ne. Ka sa ya cika komai: sunan marubuci ko hukuma, taken rahoton, shekara, da lambar shafi. Rahotannin yanayi kan kai dubban shafuka, don haka madogarar da ba ta da lambar shafi kamar kwatancen gida ne da aka ce "yana cikin gari".

Kalmar "yanayi" da 'yan uwanta

Mu masu rubutu da Hausa muna da wata matsala tamu. Kalma ɗaya ce, "yanayi", muke kiran halin da sama take ciki yau da ita, da ita kuma muke kiran ɗabi'ar wuri ta shekaru masu yawa. A kimiyya abubuwa biyu ne mabambanta. Zafin da aka yi jiya yanayin rana ne. Abin da ake nufi idan aka ce sauyin yanayi shi ne canjin matsakaicin hali na dogon zango, kuma Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya, WMO, da shekara 30 take auna wannan matsakaicin, kamar daga 1991 zuwa 2020. Ka koya wa ɗalibinka ya riƙa fayyacewa: "yanayin yau da kullum" ko "yanayi na dogon zango". Idan bai rarrabe su a kansa ba, zai riƙa kawo sanyin shekara ɗaya ko zafin mako ɗaya a matsayin hujja.

Haka "ɗumamar yanayi" da "sauyin yanayi" ba tagwaye ba ne. Ɗumama ita ce hauhawar zafin duniya. Sauyi ya haɗa da ita da abin da ta haifar: canjin ruwan sama, narkewar ƙanƙara, hawan teku. Sai kalmar "hayaƙi" da kafafen yaɗa labarai suka saba da ita. Tana da amfani, amma tana ruɗarwa, domin iskar kabon dayoksaid ba ta da launi, ba a ganinta, haka ma iskar mitan da ke fita daga cikin dabbobi masu tuƙa da gonakin shinkafa da bola. Ni na fi son "iskokin da ke riƙe zafi", a bayyana ma'anarsu a karon farko, sannan a ci gaba da kalma ɗaya har ƙarshen muƙala. Kafin ya ƙirƙiro sabuwar kalma, ya duba abin da sauran muƙaloli suka riga suka yi amfani da shi. Idan yana ganin tasa ta fi, shafin tattaunawa zai kai ta, ba ya bi muƙaloli yana canzawa shi kaɗai ba.

Wace madogara za a yarda da ita

A batun yanayi akwai tsani, kuma gara ya san matakansa tun da wuri. A sama akwai rahotannin IPCC, kwamitin ƙwararrun da WMO da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1988. Kwamitin ba ya yin sabon bincike, tace dubban binciken da aka riga aka wallafa yake yi, shi ya sa ya dace da aikin insakulofidiya. Rahotonsa na shida ya fito kashi-kashi: na kimiyyar yanayi a Agustan 2021, na illoli da hanyoyin jure musu a Fabrairun 2022, na rage fitar da iskokin a Afrilun 2022, sai na dunƙulewa a Maris na 2023. Kada ka tura sabon mutum cikin dubban shafuka ya nutse. Kowane kashi yana da taƙaitawa da aka yi domin masu tsara manufofi, daga nan zai fara.

Ƙasa da wannan akwai rahotannin shekara-shekara na WMO, da bayanan hukumomi irin su NASA da NOAA na Amurka, da Copernicus na Tarayyar Turai, da hukumomin hasashen yanayi na ƙasashe. Sai muƙalun mujallun kimiyya da masana suka tantance, musamman waɗanda suka yi bitar bincike da yawa, domin bincike ɗaya tilo kan iya zuwa da sakamakon da na gaba zai rushe. Jaridu da gidajen rediyo masu mutunci suna da kyau wajen abin da ya faru: ranar da aka yi taro, abin da minista ya ce, garuruwan da ruwa ya ci. Wajen bayanin kimiyya kuwa, ka sa ya bi labarin zuwa rahoton da ɗan jaridar ya ɗauko, don kanun labari yakan fi rahoton zafi.

Facebook, WhatsApp, TikTok, shafin wani mutum na kansa, da takardar tallar kamfani ba madogara ba ne. Wikipedia kanta ba madogara ba ce, ko da ta wane harshe ce. Haka amsar manhajojin ƙirƙirarriyar basira: suna iya ƙago sunan rahoto da marubuci da shekara, alhali babu su a duniya. Doka ɗaya nake kafa wa kowa a nan, ba na sassautawa: kada ka saka madogarar da ba ka buɗe da kanka ka ga maganar a cikinta ba.

Lambobi, inda aka fi faɗuwa

A nan nake daɗewa da ɗalibi, domin ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Adadi a batun yanayi ba ya tsayawa shi kaɗai, sai da abin da aka auna, da lokacin, da abin da aka kwatanta shi da shi.

Ɗauki misalin da kowa ke ambato. IPCC ta ce zafin doron ƙasa tsakanin 2011 da 2020 ya ɗara na tsakanin 1850 da 1900 da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas. Idan ɗalibinka ya rubuta "zafin duniya ya ƙaru da 1.1" ya tsaya, ya bar mai karatu a duhu. Daga yaushe? A wane ma'auni? Sannan WMO ta bayyana 2024 a matsayin shekarar da ta fi kowace zafi tun da aka fara ajiye bayanai, da kimanin digiri 1.55 sama da wancan ma'aunin na 1850 zuwa 1900. Nan take mai zafin rai zai rubuta cewa an karya Yarjejeniyar Paris. Ka tsayar da shi. Yarjejeniyar, wadda aka amince da ita ranar 12 ga Disamban 2015 ta kuma fara aiki ranar 4 ga Nuwamban 2016, ta sa burin riƙe ɗumama ƙasa sosai da digiri 2 tare da ƙoƙarin tsayar da ita a 1.5, amma matsakaicin shekaru masu yawa ake nufi, ba shekara ɗaya ba. Ya rubuta abin da aka auna a 2024, ya rubuta abin da yarjejeniyar ta ce, ya bar hukuncin ga madogara.

Akwai wani tarko da ke kama har tsofaffin editoci. Idan rahoton Amurka ya zo da ma'aunin Faranhait, ko aka so juya Salshiyas zuwa can, ƙarin zafi daban, zafin kansa daban. Ƙarin digiri 1.5 na Salshiyas daidai yake da ƙarin 2.7 na Faranhait. Wanda ya zuba 1.5 a manhajar juya ma'auni zai samu 34.7, ya wallafa abin dariya.

Ka kuma koya masa bambancin yawan iskar kabon dayoksaid da ke cikin sararin sama da yawan wadda ake fitarwa a shekara. Na farko da kashi cikin miliyan ake auna shi: kimanin 280 kafin zamanin masana'antu, kimanin 315 lokacin da Charles David Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawaii a 1958, kuma yanzu ya haura 420. Na biyu da tan ake auna shi, biliyoyin tan. A nan ma sai an lura ko kabon zalla ake nufi ko kabon dayoksaid, domin tan ɗaya na kabon yana ba da kimanin tan 3.67 na iskar. Miliyan da biliyan kuwa, harafi ɗaya ne tsakaninsu a rubuce, ninki dubu a lissafi. Ka sa ya karanta kowane adadi sau biyu da babbar murya.

Tambayar "wace ƙasa ta fi gurɓata duniya" ma ba ta da amsa ɗaya. A abin da ake fitarwa duk shekara, Sin ce kan gaba. A jimillar abin da aka tara tun farkon masana'antu, Amurka ce. Idan aka raba bisa yawan jama'a, wasu ƙananan ƙasashe masu arzikin mai da gas irin su Katar ne ke sama. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na kabon dayoksaid da ake fitarwa daga kwal da mai da gas ba. Duk gaskiya ne, muddin an faɗi ma'aunin. Zaɓen wanda ya yi wa mutum daɗi a ɓoye sauran shi ne ɗaukar ɓangare.

Abu na ƙarshe a nan shi ne kalmomin tabbas. A rahotannin IPCC kowace tana da nauyinta na lissafi. Wadda za mu fassara da "akwai yiwuwa" tana nufin kashi 66 cikin 100 zuwa sama, "akwai yiwuwa ƙwarai" kashi 90, "kusan tabbas" kashi 99. Kada ya mayar da "akwai yiwuwa" ta koma "babu shakka" don maganarsa ta yi ƙarfi. Kada kuma ya raunana abin da aka tabbatar.

Ba kowace masifa ce sauyin yanayi ya kawo ba

Sabon edita zai so ya rufe kowace muƙalar ambaliya ko fari da "wannan ya faru ne sakamakon sauyin yanayi". Ka tambaye shi: wa ya ce? Ambaliya tana da iyaye da yawa: ruwan sama, toshewar magudanai, gini a hanyar ruwa, sakin ruwan madatsa, sare itatuwa. Akwai masanan da aikinsu ke nan, auna rabon ɗumamar duniya a cikin wata masifa guda, kamar ƙungiyar World Weather Attribution, kuma sukan ce ɗumama ta ƙara yiwuwar abin ko tsananinsa da kaza, ba su cika cewa ita kaɗai ta haddasa shi ba. Idan akwai irin wannan binciken, ya kawo shi da sunan masu shi. Idan babu, ya ba da labarin ambaliyar ya yi shiru a kan sababi.

Tafkin Chadi misali ne da nake son koyarwa da shi. Kowa ya ji cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Maganar tana da tushe: faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa kusan 2,000 a shekarun 1980 bayan munanan fari na yankin Sahel. Amma tafki ne marar zurfi, faɗinsa yana hawa yana sauka da damina, ɗibar ruwa don noman rani ma ta taka rawa, kuma binciken tauraron ɗan'adam na baya-bayan nan ya nuna ruwan ya ɗan farfaɗo tun bayan wancan lokacin. Wanda ya rubuta "tafkin yana ci gaba da ƙafewa saboda sauyin yanayi" ya ɗauki hoton 1980 ya liƙa wa yau. Ka ba ɗalibinka wannan jimlar ka ce ya gyara ta da shekaru da madogara. Idan ya iya, ya kama hanya.

Sai tsohon ruɗanin nan na ramin ozon, wato zaizayewar shimfiɗar iskar da ke can sama tana kare duniya daga haskoki masu cutarwa na rana. Mutane da yawa sun ɗauka ta wannan ramin zafi ke shigowa. Matsala ce daban, sinadaran da a da ake sa wa firji da gwangwanin feshi ne suka jawo ta, kuma Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta magance su. Girgizar ƙasa da aman wutar dutse kuwa daga cikin ƙasa suke tasowa, ba su da gurbi a jerin illolin ɗumama.

Tsaka-tsaki ba raba daidai ba ne

Wani ɗalibin, da ya ji an ce ba a ɗaukar ɓangare, sai ya zame ta ɗaya gefen: ya ba masana sakin layi ɗaya, ya ba masu musun ɗumama sakin layi ɗaya. Wannan gudun gara ne aka faɗa gidan zago. Wikipedia tana ba kowane ra'ayi wuri gwargwadon nauyinsa a amintattun madogara, kuma IPCC ta faɗa a 2021 cewa babu tababa ayyukan ɗan'adam ne suka ɗumama sararin sama da teku da ƙasa. Wannan a matsayin gaskiya ake rubuta shi. Inda ake da saɓani na haƙiƙa shi ne wajen manufofi: wa zai biya, nawa, makamashin nukiliya ko a'a, da wane sauri za a bar kwal. A can ne ake cewa wane ya ce kaza, wane ya ce kaza.

Harshe ma yana tona ɓangaranci. "Abin takaici", "wajibi ne gwamnati ta", "ya kamata mu tashi tsaye", duk ya cire su. Muƙala ba ta cewa "mu".

Fassara, kwafi da hotuna

Yawancin sababbi ta fassara suke shigowa, kuma babu laifi. Rubutun Wikipedia yana ƙarƙashin lasisin CC BY-SA, wanda ya halatta fassarawa muddin an ambaci asali, kuma manhajar fassara ta Wikipedia tana rubuta wannan a tarihin shafi da kanta. Haɗarin yana cikin fassarar inji. Na sha ganin an wallafa "iskar koren gida", fassarar "greenhouse gas" kalma da kalma, wadda babu Bahaushen da zai gane ta, alhali iskokin da ke riƙe zafi ake nufi. Ka sa ya karanta sakin layi, ya kau da kai, ya faɗa maka da baki abin da ya fahimta, sannan ya rubuta abin da ya faɗa. Abin da bai gane ba kada ya fassara. Kuma ba dole ne ya kwaso muƙalar gaba ɗaya ba: sakin layi biyar masu tsabta sun fi hamsin da ba a iya karantawa.

Kwafi daga rahoto ko jarida haramun ne a nan, ko da ya fassara shi kalma da kalma, ko da ya sa madogara. Da kalmominsa zai faɗa. Hotuna kuma daga Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da su, zai ɗauko. Yawancin hotunan NASA mallakar jama'a ne, jadawalin shafin ƙididdiga na Our World in Data da zanen ratsin ɗumama na Ed Hawkins na Jami'ar Reading suna da lasisin da ya yarda a yi amfani da su, amma zane-zanen cikin rahotannin IPCC suna da haƙƙin mallaka, ba a yanko su a ɗora. Hoton da ya ɗauka da wayarsa kuwa, maraba da shi, ya rubuta wuri da rana.

Muƙalarsa ta farko

Bayan mako biyu ko uku yana gyare-gyare, sai ku zaɓi batu. Ya fara bincika ko akwai muƙalar da wani suna. Ya tara madogara uku masu zaman kansu da suka yi magana a kan batun sosai, kafin ya rubuta ko jimla ɗaya. Idan ba a same su ba, a canza batu. A shafinsa na gwaji zai rubuta, jimlar farko ta faɗi mene ne abin, sauran su biyo a ƙarƙashin ƙananan kanu.

Idan ya kawo maka ka duba, kada ka gyara masa da hannunka. Ka zaɓi manyan kurakurai biyu ko uku, ka yi masa hannunka mai sanda, ka bar ƙanana zuwa wani zagaye. Bayan wallafawa ya sa rukuni, ya haɗa ta da takwarorinta na sauran harsuna ta Wikidata, rumbun bayanan da ke haɗa muƙalolin harsuna daban-daban, ya kuma nemi wasu muƙaloli biyu ya sa mahaɗi zuwa gare ta, don kada ta zama marainiya.

Ranar da aka soke masa gyara

Za a soke, kuma a wannan ranar ce yawancin sababbi ke tafiya ba su dawo ba. Don haka ka gaya masa tun kafin ta zo, ka nuna masa naka gyaran da aka taɓa sokewa. Idan ta faru, ya karanta dalilin da aka rubuta a tarihin shafi, kada ya mayar da gyaran. Ya je shafin tattaunawa ya tambaya cikin ladabi, da madogararsa a hannu, ya yi magana kan jimlar, ba kan mutumin ba. A Wikipedia ta Ingilishi, mayar da gyara fiye da sau uku cikin sa'a 24 a shafi ɗaya yana jawo toshe asusu, kuma sauyin yanayi yana cikin batutuwan da ake sa wa ido na musamman a can saboda rigingimun baya. Idan ɗalibinka ne da kuskure, ka gaya masa a keɓe. Idan shi ke da gaskiya, ka bar shi ya fara kare kansa, kai ka shigo daga baya, kuma ka bayyana cewa kai ke koya masa, don kada a ɗauka gayya aka yi.

Daga nan sai ka fara ja da baya. Watan farko kana duba gudummawarsa kullum, na biyu sau ɗaya a mako, kana danna masa maɓallin godiya idan ya yi abin kirki. Idan asusunsa ya kai wata 6 da gyara 500, yana kuma ci gaba da aiki, ka nuna masa ɗakin karatu na Wikipedia, inda editoci ke samun mujallun kimiyya na kuɗi kyauta. Sannan ka damƙa masa aikin da ba ya ƙarewa: ya sa muƙalolinsa a jerin waɗanda yake bibiya, kuma duk lokacin da WMO ta fitar da rahotonta na shekara, ya koma ya bi adadin ɗaya bayan ɗaya, ya sabunta wanda ya tsufa, ya canza duk "a bana" da "kwanan nan" da ya tarar zuwa shekarar da ake nufi.